Fenti da Abin da ke Ƙarƙashinsa: Tsokaci kan Sabunta Ƙafafun Mota a Gida



A jikin mota babu sashen da ke shan wahala irin ƙafafunta, kuma babu wanda ake mantawa da shi irinsu. Mai mota yakan wanke gilashi, ya goge jiki, ya fesa turare a ciki, amma ƙarfen nan da taya ke zagaye da shi, wanda makanikai ke kira rim, sai ranar da aka je wurin mai faci ake dubansa. Alhali shi ne ke ɗauke da nauyin motar da na mutanen cikinta, shi ke faɗawa rami, shi ke gogar bakin kwalbati, shi ke shan zafin birki da taɓon damina. Idan shekaru suka ja, sai fentinsa ya ɓare, launinsa ya dushe, motar da ke da ƙoshin lafiya ta zama kamar mutumin da ya sa babbar riga a kan tsohon silifa.

Na sabunta fentin ƙafafun motata da hannuna, a tsakar gida, da fentin gwangwani irin wanda ake fesawa. Abin da nake so in tattauna da mai karatu shi ne darasi guda da aikin ya tabbatar mini: fesawar ita ce mafi ƙanƙantar aikin, kuma ita ce ta ƙarshe. Abin da ke yanke hukunci a kan kyan aikin, har ma da amincin waɗanda za su hau motar, yana faruwa ne tun kafin a girgiza gwangwani.

Bari mu fara da shi gwangwanin. Wani injiniya ɗan ƙasar Nowe mai suna Erik Rotheim ne ya yi rajistar fasahar gwangwanin feshi a ƙarshen shekarun 1920. Sai a shekarar 1949 wani Ba'amurke mai suna Edward Seymour, a garin Sycamore na jihar Illinois, ya zuba fenti a cikinsa bisa shawarar matarsa, kuma launin farko da ya yi shi ne ruwan alminiyam, wato kusan launin da muke nema wa ƙafafun mota a yau. A cikin gwangwanin akwai abubuwa huɗu: garin launi, da ƙaron da ke riƙe shi, da ruwa mai saurin bushewa da ke narkar da su, da kuma iskar gas da aka matse wadda ke turo su waje. Ƙarar da ake ji idan an girgiza ta wata 'yar ƙwallo ce da aka sa domin ta dama garin da ya kwanta. A da ana amfani da wata iska da aka gano tana cin rigar ozon ta sararin samaniya, har ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Montreal a 1987 domin daina ta. Abin da ya maye gurbinta a yawancin gwangwanaye shi ne dangin gas ɗin da muke girki da shi. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Ƙafar mota iri biyu ce. Akwai ta baƙin ƙarfe, wadda akan rufe da murfin roba, akwai kuma ta alminiyam da aka zuba a mazubi, wadda ake kira aloyi. Ciwonsu ya bambanta. Baƙin ƙarfe yana yin jar tsatsa mai ɓarewa, kuma idan ya bugi rami yakan lanƙwashe, a iya miƙe shi. Alminiyam ba ya jar tsatsa. Nasa ciwon wani farin gari ne da ke bin ƙarƙashin fenti yana yin zane kamar sawun tsutsa, yana ɗaga fentin daga ƙarfen. Kuma da yake zubi ne, idan ya sha bugu mai ƙarfi ya fi saurin tsagewa a kan lanƙwashewa.

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2005, irin ta Amurka mai noti biyar, kuma kamar dubban 'yan'uwanta ta shigo ne ta Kwatano bayan ta gama rayuwarta ta farko a wata ƙasa. Wannan yana da muhimmanci, domin a arewacin Amurka da Kanada da yawancin Turai ana barbaɗa gishiri a kan tituna lokacin sanyi don ya narkar da ƙanƙara, gishiri kuwa babban abokin gaban ƙarfe ne. Saboda haka da yawa daga cikin motocin da muke saya sun iso mana da ciwon a jikin ƙafafunsu tun daga can. Sai ƙurar birki ta ƙara nata: duk lokacin da aka taka birki, ƙananan ɓarɓashin ƙarfe masu zafi suna tashi su maƙale a jikin fentin, su yi tsatsa a nan, su buɗe wa ruwa ƙofa. Baƙin dattin da ke ƙin fita da wanki, yawanci shi ne wannan.

Na zaɓi lokacin hutu, na ɗauki ƙafa biyu a zango guda. Na sassauta notuna tun motar tana ƙasa, na ɗaga ta a kan daɓe mai ƙwari, na kafa mata matokaran ƙarfe, domin jak an yi shi ne don ɗagawa, ba a barin mota a kansa kwana da kwanaki, balle a gidan da yara ke kai-komo. Daga nan sai wanki: ruwa da omo da buroshi, ciki da waje, har sai ruwan da ke gangarowa ya daina baƙi. Wanda ya fara kankara kafin wanki, maiƙo da datti zai cusa a cikin ƙarfen da hannunsa.

Bayan wanki sai dubawa, kuma a nan ne zuciyar maganar take. Ɗaya daga cikin ƙafafun baya ta daɗe tana rage iska a hankali, mai faci ya duba taya bai ga ƙusa ba, ya canza bawul abin bai daina ba. Da na kifa ta na wanke cikinta, sai na lura da wani wuri a leɓen ciki inda fentin ya fi na ko'ina kauri, kuma launinsa ya ɗan saɓa. Na kankare wurin har ƙarfe ya fito fili. Ido bai nuna mini komai ba sai wani siririn layi kamar gashi. Sai na yi amfani da wata tsohuwar dabara da ma'aikatan jirgin ƙasa suke gwada ƙarafa da ita tun fiye da shekara ɗari: na shafa kananzir a wurin, na bar shi ya ɗan jima, na goge shi tas, sannan na barbaɗa garin alli. Ba a daɗe ba sai ga layi mai duhu ya bayyana a cikin farin allin, tsawonsa ya kai rabin ɗan yatsa. Kananzir ɗin da ya shige cikin tsagar ne allin ya tsotso. Ruwan sabulu da na zuba a wurin, tayar tana cike da iska, ya ƙara tabbatarwa da 'yan kumfa.

Ba mamaki tsagar ta kasance a leɓen ciki. Fuskar rim tana da ƙafafun da ke tokare ta, leɓen ciki kuwa ba shi da mai tallafa masa, shi ne ke karɓar bugun rami shi kaɗai, kuma shi ne ido ba ya kaiwa gare shi matuƙar ƙafar tana jikin mota. Wani hannu da ban sani ba, a wani zango na tafiyar motar kafin ta zo gare ni, ya ga wannan tsaga ya lulluɓe ta da fenti. Tsaga a jikin ƙarfen da ke juyawa ɗauke da nauyi ba ta tsayawa inda take. Kowane zagaye yana buɗe ta ya rufe, tana ƙara tsawo kaɗan-kaɗan, har ranar da za ta gamu da wani rami a kan babbar hanya, mota cike da iyali. Masu walda suna ɗinke irin wannan, amma zafin walda yana sauya ƙwarin alminiyam a kewayen wurin, kuma tsagar da ta shafi ƙafafun rim ko ramukan noti ba a gyaranta sam. Ni dai na ajiye wannan ƙafa gefe, na nemo wata a kasuwar kayan gyara, na yi mata irin gwajin da na yi wa ta farko kafin in biya.

A nan aikin hannu ya haɗu da mas'alar da malaman fiƙihu suka daɗe da warwarewa a babin ciniki, inda suka yi bayanin haƙƙin mai saye na mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Yi wa tsohuwar ƙafa sabon fenti domin ta yi kyau ba laifi ba ne, ko da niyyar sayarwa ce. Amma fentin da aka shafa domin ya hana mai saye ganin abin da zai sa ya fasa, ko ya rage kuɗi, wannan algus ne, kuma a ƙafar mota algus ne da ke iya kaiwa ga rai. Gwangwanin ɗaya ne, launin ɗaya ne. Bambancin yana ga abin da mai fesawa ya sani game da ƙarfen da ke gabansa.

Abin mamaki shi ne fenti yana iya ɓoye babban aibi irin wannan, amma ba ya iya ɓoye ƙarami. Duk wani ƙarzane, ko gefen tsohon fenti da ya ɓare, ko ƙwayar yashi, sabon fenti mai sheƙi ƙara fito da su yake yi. Shi ya sa kankara ta cinye mafi yawan kwanakina. Takardar samfefa tana da lambobi a bayanta, kuma gwargwadon ƙanƙantar lamba gwargwadon kaushinta. Na fara da mai lamba 180 a wuraren da kwalbati ya ci da inda farin gari ya ɗaga fenti, na bi da 320, na ƙare da 600 ina jiƙa ta da ruwa. Kowace lamba aikinta share sawun wadda ta gabace ta, don haka wanda ya yi tsalle daga ta farko zuwa ta ƙarshe zai ga sawun a ƙarƙashin fentinsa. Ba lalle ba ne a cire tsohon fenti duka. Inda yake manne daram, ya isa a dusar da sheƙinsa domin sabo ya sami abin kamawa. Inda ƙarfe ya sami rami mai zurfi, na cike da irin fotin da masu gyaran jikin mota ke amfani da shi, na goge har ya daidaita. Ma'aunina a nan shi ne tafin yatsa, ido a rufe, domin yatsa yana jin abin da ido ke tsallakewa.

Bayan kankara sai a sake wankewa, a bari ya bushe sarai, musamman ramukan noti inda ruwa ke fakewa, sannan a goge da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da sifirit. Daga wannan lokaci ba a taɓa fuskar da hannu, domin maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya sa fenti ya tsere daga wurin ya bar ƙananan ramuka. Tayar kuma sai a kāre ta. Na sace iskarta, na yanyanka bangon tsoffin littattafan rubutu, na cusa su ɗaya bayan ɗaya tsakanin leɓen rim da taya har suka zagaye, na rufe sauran da jarida, na naɗe bawul da salatif na takarda.

Akwai wurare biyu da ba a so fenti ya taɓa ko kaɗan, kuma wannan shi ne tanbihi na biyu da ya shafi rai. Na farko shi ne shimfiɗaɗɗen wurin nan na bayan rim da ke haɗuwa da ƙarfen mota. Na biyu shi ne mazaunin noti, wato inda noti ke dannawa idan an ɗaure. Abin da ke riƙe ƙafar mota shi ne matsewar ƙarfe a kan ƙarfe. Idan fenti ya shiga tsakani, za a ɗaure a ji ya ɗauru, amma da zarar birki ya ɗumama wurin sai fentin ya yi laushi ya murƙushe, a sami ɗan sarari, noti ya fara sassautawa da kansa. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido. Na rufe bayan da salatif, na toshe mazaunan notin, ban buɗe su ba sai da aiki ya ƙare.

Sai aka zo kan fesawa, wadda hawa uku ce. Hawa na farko shi ne fentin shimfiɗa, wanda masu sana'a ke kira faraima. Alminiyam yana da wata ɗabi'a: da zarar an kankare shi iska ta taɓa shi, nan take yake yin wata siririyar fata da fenti ba ya kamawa da kyau. Saboda haka inda ƙarfe ya fito tsirara ana bukatar irin faraimar da ke ɗauke da ɗan asid, wadda ke cizon ƙarfen ta riƙe. Hawa na biyu shi ne launi. Na uku shi ne fenti marar launi mai sheƙi, wanda ake kira kiliya, shi ne garkuwar da ke karɓar rana da ƙurar birki. Yana da kyau ukun su fito daga kamfani guda, domin wani fentin yana narkar da wani, a wayi gari fuskar ta yamutse kamar fatar tsoho. A ƙafafuna huɗu masu inci 15, na ƙarar da gwangwani biyu na faraima, uku na launi, biyu na kiliya, kowanne mai mililita 400.

Ƙa'idar fesawar ba ta da yawa, riƙe ta ne ke da wuya. A girgiza gwangwani minti biyu cur bayan an fara jin ƙarar ƙwallon. A gwada a kan kwali. A riƙe shi nesa da ƙarfen da santimita 20 zuwa 30, wato taƙi guda da 'yan yatsu. A fara danna kan feshin kafin hannu ya iso kan ƙarfen, a saki bayan ya wuce, kada hannu ya tsaya wuri guda. A fara da lunguna da gefunan ƙafafun rim, a ƙare da fuska. Shafi na farko ya zama sirara har ana hango abin da ke ƙasa, a jira kimanin minti goma, a ƙara, a sake jira, a ƙara. Jarrabawar tana zuwa ne bayan shafin farko, lokacin da aikin ke da muni, zuciya tana cewa a danna a rufe shi gaba ɗaya. Wanda ya biye mata zai ga fenti yana zubar da hawaye, kuma hawayen fenti ba su da magani sai a jira su bushe a koma kan samfefa. A karanta bayan gwangwani kuma, domin da yawa suna sharɗanta a ƙara shafi cikin awa guda, in ya wuce haka sai bayan kwana biyu.

Yanayinmu ma yana da nasa hukuncin. Yawancin gwangwanaye suna son zafi tsakanin digiri 10 da 32 a ma'aunin Salsiyas, zafin bazara a ƙasar Hausa kuwa yakan haura 40. A irin wannan zafi fenti yana bushewa a iska kafin ya sauka, ya bar fuska mai kaushi kamar yashi. A tsakiyar damina laima tana sa kiliya ta yi hazo-hazo. A hunturu kuwa ƙura ce ke sauka a kan ɗanyen fenti. Lokacin da na ga ya fi dacewa shi ne kaka, bayan ɗaukewar ruwa kafin saukar hazo, da hantsi, a inuwa, bayan an yayyafa wa ƙasa ruwa domin ƙura ta kwanta.

Yanzu mu koma ga gas ɗin nan da na ce a riƙe. Tururin fentin gwangwani yana kama wuta, ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa. A gidajenmu murhu da risho da janareta ba su da nisa da tsakar gida, don haka a tabbata babu wuta a kusa, kuma kada a yi aikin a rufaffen ɗaki ko gareji. Kada a bar gwangwani a rana ko a cikin motar da aka kulle, domin an rubuta a jikinsa kada zafi ya wuce digiri 50, kuma ko ya ƙare ba a jefa shi cikin sharar da za a ƙona. Takunkumin kyalle yana rage ƙura ne kawai, ba ya tare tururi, sai irin mai matatar gawayi. Akwai wata kiliya mai haɗi biyu, wadda ake fasa wani maɓalli a gindin gwangwanin kafin a fesa. Ta fi ƙwari nesa ba kusa ba, har fetur ba ya cin ta, amma tana ɗauke da sinadarin da aka tabbatar yana haddasa asma ga masu shaƙarsa. Wanda ba shi da cikakken abin kariya ya bar wa masu sana'a ita. Yara da masu ciki da masu ciwon ƙirji kuwa a nisantar da su har warin ya wuce.

Fenti yakan bushe a taɓa shi cikin awa guda, amma ƙwarinsa na ainihi sai bayan kwanaki. Na bar kowace ƙafa kwana biyu kafin in mayar, na yi makonni ban wanke ta da sabulu mai ƙarfi ba. Wajen mayarwa, a fara ɗaura notuna da hannu, sannan a matse su a tsallake-tsallake kamar ana zana tauraro, domin ƙafar ta zauna daidai. Kamfanin Toyota ya ƙayyade wa irin motata ma'aunin ɗauri na 103 a sifanar da ke auna ƙarfin murɗi, wato abin ba hawa kan wilsifana da ƙafa ba ne. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notunan ɗaya bayan ɗaya. Idan an cire 'yan ƙarafan nan da ake maƙalawa don daidaita nauyin ƙafa, a koma a yi balansin, in ba haka ba sitiyari zai riƙa rawa.

Adalci ne in faɗa cewa fentin gwangwani bai kai wanda ake yi da gari a gasa a tanda mai zafin kusan digiri 200 ba. Nan da 'yan shekaru zai nemi a sake. Amma aikin gida yana da wata fa'ida da ba a saye da kuɗi: yana tilasta wa mai mota ya cire ƙafafun motarsa, ya kifa su, ya wanke, ya bi kowane lungu da yatsa. Yawancinmu muna shekaru muna ɗora iyalanmu a kan ƙarafa huɗu da ba mu taɓa ganin bayansu ba.

Saboda haka shawarata ga ɗan'uwan da ke da niyyar wannan aiki ita ce ya sayi samfefa da alli kafin ya sayi fenti. Ya ware kwana guda na wanki da dubawa kawai, ya yarda tun farko cewa binciken yana iya ƙarewa da sayen wata ƙafar a maimakon fesa wadda yake da ita. Wanda kuma zai sayi mota ya ga ƙafafunta suna ƙyalli fiye da shekarunta, ya durƙusa ya leƙa ciki, ya tambayi dalili. Idan shi ne mai sayarwa, ya faɗi abin da ya gani a ƙarƙashin fentin kafin a tambaye shi.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gidansa lafiya.